Abokin Sallau

Da la'asar sakaliya ya shigo,
farcensa baƙi ƙirin da man injin Dilimi.
Ya ɗosana a bakin benci kamar bencin na cizo,
ya gaishe ni da iyali har sau uku,
ya yi zancen sanyin bana da tsadar dankali,
sannan ya kalli kalandar bango, ya ce:
"Likita, wani abokina ne."

Shekara ashirin da biyu ina ɗakin nan na Gangare.
Na san wannan aboki.
Ba shi da suna, ba shi da unguwa,
bai taɓa taka matakalar nan da ƙafarsa ba.
Kullum aike yake yi,
kuma ɗan aiken ne ke tafiya a tattale.

Na ce, "Sallau, saki labule. Me ya same shi?"
"Miki ne, a inda baki ba ya zuwa."
"Me ya sa masa?"
Ya ƙirga da yatsu: toka, alif,
garin kafso, ranar Talata man birki.
Na runtse ido.
Fatar da ta kusa fatar ido laushi,
ita aka mayar garejin gwaji.

Na ce, ka gaya masa
ba kowane miki ne ke da laifi a bayansa ba.
Wani reza ce ta yi gaggawa,
wani sabulu ne mai ƙamshi da mugun hali,
wani wando ne ya matse, gumi ya kwana,
wani ƙwaya aka sha, jiki ya ce bai yarda ba.
Akwai kuma na shimfiɗa, ba zan ɓoye masa ba:
ƙuraje masu ruwa da ke fashewa da raɗaɗi,
su tafi, su dawo kamar mai bin bashi.

Ya yi sauri: "Nasa ba ya zafi ko kaɗan.
Har ya fara bushewa."
Murmushi ya so ya yi.

Na ce, ka san tafkunan kuza na hanyar Bukur?
Ruwa kwance, ko motsi babu, sama na duba fuskarta a ciki.
Yara nawa suka ce ba zurfi?
Mikin da ba ya zafi shi na fi tsoro.
Tunjere haka yake sallama:
ya rufe ƙofa a waje, ya shige cikin jini ya yi ɗaki.
Ido ba ya yanke hukunci a nan. Jini za a ɗiba.

Kafin sakamako ya fito,
ruwa mai ɗumi, tsabtatacce, ya ishe shi.
A tsane da ƙyalle mai laushi, kada a goga.
Auduga sakakkiya, iska ta samu hanya.
Farce ya zauna lafiya, hannu ya ga sabulu.
Shimfiɗa ta yi haƙuri sai an warke.
In an rubuta magani, a kai shi ƙarshe,
ba a sauka daga mota a tsakiyar gada.

"Abokin yana da mata?"
Shiru.
Can wani mai Keke ya danna ham a titi.
"Wata biyar ne cikinta," in ji shi,
muryar ta faɗi ƙasa kamar ƙaramin noti.

Na ce, to su biyu za su zo.
Su uku ma, in an ƙirga wanda bai san komai ba.
Allura tana nan, kuma tana aiki.
Kunya ce kawai ba ni da maganinta a kabad.

Ya daɗe yana murza hularsa.
Sannan ya naɗe hannun riga har gwiwar hannu,
ya miƙo mini jijiya,
bai kalli kalanda ba.

Ranar Alhamis na ji takun mutum biyu a matakala.
Lantana ce a gaba, da kati a hannu.
Abokin kuwa, ban sake jin labarinsa ba.